Tambaya da Amsa: Zafin Rana da Sankarar Fata

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji cewa Turawan da ke tuɓe tufafi su kwanta tsirara a bakin teku suna yawan kamuwa da sankarar fata. Ni magini ne a Bukuru, nakan cire riga in yi aiki, kuma ƙanena da ke taya ni zabiya ne. Shin mu ma muna cikin haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, shi ne yake lalata ƙwayoyin fata a hankali, kuma mai zama tsirara yana fallasa masa sassan jikin da ba su saba da rana ba. Ostireliya da New Zealand, inda farar fata ta haɗu da rana mai ƙarfi, su ne kan gaba a duniya wajen mafi munin nau'in wannan ciwo.

Kai baƙar fatarka tana da sinadarin melanin mai yawa, wanda yake ba fata launi kuma yake kare ta daga hasken UV, saboda haka haɗarinka kaɗan ne, ko da yake bai kai sifili ba. A jikin baƙar fata ciwon yakan ɓullo a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce.

Ƙanenka ne ya fi damuna, domin zabiya kusan ba shi da wannan kariya. Sanyin Jos kuma yana ruɗin mutane: garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, hasken UV kuwa ƙaruwa yake yi da tsayin wuri, kuma yana ratsa gajimare ko da jiki bai ji zafi ba. Ya riƙa sanya riga mai dogon hannu, da malafa mai faɗi wadda za ta rufe kunnuwa da ƙeya, da tabarau. Idan zai yiwu, ka ba shi aikin cikin ɗaki daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ya shafa man kariya daga rana mai lambar SPF (ma'aunin ƙarfin kariyar man) 30 ko fiye, ya sake shafawa bayan kowace awa 2 ko bayan gumi mai yawa. Man yana da tsada, shi ya sa na fi dogara da tufafi da inuwa.

Duk wanda a cikinku ya ga gyambon da ya ƙi warkewa, ko tawadar Allah da ta sauya launi ko girma, ko take zubar da jini, ya je sashen fata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ba tare da jinkiri ba. Kai ma, Malam, ka daina cire rigar nan.