Mun Ɗora Littattafan Ajami A Intanet, Ta Yaya Za Mu San Masu Karanta Su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar laburare ce. Mun ɗauki hotunan tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci, da wasu kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo, mun ɗora a shafinmu. Yanzu shugabanni sun ce in binciko su wa ke amfani da su da abin da suke buƙata. In raba takardar tambayoyi ya wadatar?
Daga wata Malama, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki rubuta tambaya ko ɗaya, ki sa shugabannin su faɗa miki shawarar da ke jiran wannan bincike. Kuɗin da ya rage, ƙarin littattafai za a ɗauka da shi, ko wurin da ake buga kalma a nemi littafi a shafin za a gyara, ko ajamin za a juya zuwa boko? Idan babu shawarar da za a yanke, rahotonki a kabad zai kwanta. Tambayoyi biyu ko uku sun ishe ki a zagayen farko.

Sai ki kasa mutanen: ɗaliban jami'a, malaman zaure, masu bincike daga ƙasashen waje, da gidajen da suka ba da aron littattafan. Waɗannan na ƙarshe su ake yawan mantawa, alhali wani gidan bai yarda a baza rubutun da ya shafi asiri ko magani ba.

Takardar tambayoyi ita kaɗai ba ta isa ba. Wanda ya riga ya san shafin kuma yake karanta boko, shi kaɗai za ta riska. Ga kuma kara irin tamu: kika tambayi mutum ko shafin ya yi, zai ce "madalla, Allah ya saka da alheri", ko da bai samu komai ba. Saboda haka ki kalli hannunsa. Ki zauna da mutum biyar daga kowane rukuni, ɗaya bayan ɗaya, kamar minti 40, kowa da wayarsa, ku biya masa kuɗin data. Jakob Nielsen, wani masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya nuna a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. Ki ba wanda kike zaune da shi aiki takamaimai, misali ya nemo wata waƙar Nana Asma'u ya buɗe shafi na uku, sannan ki yi shiru. Kina taimaka masa kin ɓata gwajin. Abokin aikinki ya riƙa rubuta inda mutumin ya tsaya da kalmar da ya buga.

A nan abubuwa za su fito. Wani zai buga "Danfodiyo", kundinku kuwa "Uthman b. Fudi" ya sani, sai ya ce babu. Wani zai rubuta "kasa" maimakon "ƙasa" don wayarsa ba ta da harafi mai lanƙwasa. Wani zai nemi kalmar da ke cikin littafin, bai san hoto ne kawai ba, na'ura ba ta karanta rubutun hannun ba. Wani kuma zai haƙura tun kafin fayil mai nauyi ya gama sauka.

Alƙaluman masu ziyara ki duba su, amma da taka-tsantsan. Mutum ɗaya kan sauke littafi ya tura a WhatsApp, jama'a su karanta, ku kuwa ɗaya za ku gani a lissafi. Wasu ziyarce-ziyarcen ma na manhajojin da ke yawo a intanet ne.

Malaman zaure ki same su inda suke, ta hannun wanda suka sani, a lokacin da ba na karatu ba. Hirar mata, mace ta yi ta. Ki nemi izini kafin ki naɗi murya, ki cire sunaye daga rahoton, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kanku. Ki ware mako shida zuwa takwas, ki kauce wa lokacin jarrabawa da watan azumi. Bayan an gyara abin da ya fi tare mutane, ki sake gwadawa da wasu biyar ɗin daban.