Bayan leza a ratina: abin da ido ke gani da wanda ba a kwana da shi

Sannu da jiki ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce kwana 6 ke nan da yi maka aikin leza a ratina, amma har yanzu kana ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo, da dare kuma walƙiya na gilmawa ta gefen ido, shi ne kake tsoron ko aikin bai kama ba.

Wannan kaɗai ba ya nuna aikin ya lalace. Leza ba a yin ta don ɗigon nan ko walƙiyar. Cikin ido akwai ruwa mai kauri da yauƙi wanda ke manne da ratina, wato siririn tantanin da ke shimfiɗe a bangon baya yana karɓar haske. Idan ruwan ya fara tsinkewa yana janyewa, sai ya finciki ratina, wani lokaci har ya yaga ta. Fincikar ita ce walƙiyar. Ɗigon kuwa gudaje ne na ruwan, ko ɗan jinin da ya zuba lokacin yagewar, inuwarsu kake gani. Abin da likita ya yi shi ne zagaye yagewar da ƙananan ƙuna, galibi layi biyu ko uku, kamar walda, don kada ruwa ya bi ta ramin ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga ratina. Ramin yana nan, katanga aka yi masa. Katangar kuma ba ta gama ƙarfi sai tabo ya haɗu, kwana 10 zuwa 14. Kai yanzu kana tsakiyar wannan lokacin ne, shi ya sa ake hana ɗaukar kaya masu nauyi, gudu, tsalle da duk abin da zai jijjiga kai.

Alamomin ranar farko ba su da wuya: dishi-dishi, ganin komai ja-ja ko shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci saboda ƙarfin hasken, da kasa jure rana saboda maganin buɗe ƙwayar ido, wanda kan saki cikin awa 4 zuwa 6, in dai ba mai suna atirofin aka ɗiga ba, shi yakan kai mako ɗaya zuwa biyu. Ɗan zogi da ciwon kai, farasitamol ya wadatar.

Walƙiya takan ɗauki makonni, wani ma watanni, tana raguwa a hankali, an fi ganinta cikin duhu ko in an juya ido da sauri. Ɗigon ya fi ta naci. Na jini yakan washe, manyan gudajen kuwa sau da yawa ba sa ɓacewa, sai dai su kwanta ƙasa ko ƙwaƙwalwa ta saba ta daina kula su. Wasu kan lura da ɗan wuri mai duhu ko ƙyalli can gefe, daidai inda aka ƙona, ba ya motsi, ba ya girma.

Abin da za ka riƙa tambayar kanka kullum: wannan da nake gani tsoho ne yana raguwa, ko sabo ne yana ƙaruwa? Idan ɗigo suka ɓarke maka lokaci guda kamar hayaƙi ko tarin ƙudaje, ko walƙiya ta ƙaru ko ta koma wani gefen da ba ta saba ba, ko wata inuwa kamar labule ta fara shigowa daga sama, ƙasa ko gefe tana cin gaba, ko ganin tsakiya ya faɗi, a ranar za ka koma wurin likitan ido, ba sai ranar da aka rubuta maka ba. Kada rashin ciwo ya yaudare ka. Ratina ba ta jin zafi, tana iya ɓallewa gaba ɗaya ido bai yi ja ba, bai yi zogi ba. Kuma akwai masu cewa labulen ya tafi da safe, sai su zauna. Ruwan ne ya kwanta da dare, da an miƙe zai dawo. Gaggawar duk saboda makula ce, tsakiyar ratina da ake karatu da gane fuska da ita. In an gyara kafin ruwa ya kai gare ta, ganin yakan tsira. In ta ɗagu, ko an mayar da ita, da wuya gani ya koma daidai yadda yake.

Dalilai biyu ne ke sa ratina ta ɗagu bayan leza: ko ruwa ya tsallake katangar kafin ta yi ƙarfi, ko ruwan mai yauƙi da bai gama janyewa ba ya sake yaga wani wurin daban. Na biyun ba baƙon abu ba ne, kusan mutum ɗaya cikin goma kan samu sabuwar yagewa, akasari a watannin farko.

Gwajin gida ba ya cin minti ɗaya. Kowace safiya, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, rufe lafiyayyen idon da tafin hannu, ka kafa ɗayan a kan abu guda, ka lura ko duk kusurwoyi huɗu suna nan. Sannan ka dubi wani miƙaƙƙen layi, kamar gefen ƙofa. In ya fara lanƙwashewa ko abubuwa sun ƙanƙance, yana iya zama kumburi a makula ko wata siririyar fata da ke tsirowa a kanta tana tattare ta, wadda kan bayyana bayan makonni ko watanni. Hoton cikin ratina da ake kira OCT ke nuna shi, ka nemi a duba cikin 'yan kwanaki. Ka gwada ɗaya idon ma, musamman in kana sa gilashi mai ƙarfi saboda rashin ganin nesa, don shi ma yana cikin haɗari. Sau ɗaya a rana ya isa, yawan gwaji fargaba kawai yake ƙarawa.

Ba ka faɗa ba ko an sa maka gas a idon, wato iskar da ake sawa ta danne ratina a mazauninta. In an sa, lissafin ya canza: gani zai toshe sosai da farko, sannan ka ga layi mai rawa yana sauka ƙasa kullum, daga baya ya zama ƙwallo, ya farfashe, ya ɓace. Nau'in gas da ake kira SF6 kan kai kimanin mako 2, C3F8 kuwa mako 6 zuwa 8. Muddin yana ciki babu hawa jirgin sama, babu hawa tsauni mai tsayi, kuma duk likitan da zai sa ka barci don wani aiki sai ka gaya masa, domin iskar nitros da ake amfani da ita wajen sa barci na kumbura gas ɗin. Ciwo mai tsanani da tashin zuciya ko amai alamar matsin ido ya hau ne, shi ma a ranar ake zuwa asibiti.