Tambaya da Amsa: Littattafan Koyon Linux na Kyauta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son koyon Linux amma ba ni da halin sayen littafi. Na ga shafuka barkatai suna cewa a sauke kyauta. Da wanne zan fara, kuma ba haƙƙin wani zan ci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Littattafan da za ka gani kala biyu ne. Akwai wanda marubucinsa ya sake shi da kansa a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar saukewa da rabawa. Akwai kuma na sayarwa da wani ya kwafa ya ɗora ba da izini ba. Na biyun haƙƙin mutane ne, kuma a irin waɗannan shafukan ake cusa wa mutum muguwar manhaja. Duk fayil ɗin da aka ce littafi ne amma sunansa ya ƙare da .exe ko .apk, kada ka buɗe shi. Littafi PDF ne, ko EPUB, ko shafin HTML.

Mu dai shawararmu ga mai farawa ɗaya ce: The Linux Command Line na William Shotts, daga shafinsa linuxcommand.org. Ya haura shafi 500, babi 36 ne, kuma ya ɗauko abin tun daga tushe: yadda ake yawo tsakanin foldoji da `cd` da `ls`, yadda ake kwafa da gogewa, izinin fayiloli, haɗa umarni biyu da alamar `|`, har ya kai ga rubuta ƙananan shirye-shirye da Bash, wato manhajar da ke karɓar umarnin da ka buga ta aiwatar. Lasisinsa na Creative Commons ya yarda ka tura wa abokanka, amma bai yarda ka sayar ko ka sauya abin da ke ciki ba. Dalilin da ya sa muka fifita shi shi ne, tagar umarni yake koyarwa, wato inda ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce, ita kuwa kusan iri ɗaya ce a nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Debian da Fedora da Mint. Littafin da ya cika da hotunan maɓallai, da zarar an sake fasalin allo ya tsufa.

Kada ka tara littafi goma a waya. Ɗauki wannan ɗaya, ka buɗe tagar umarni a gefe, duk misalin da ka karanta ka buga shi da hannunka kafin ka juya shafi.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Na sauke wani littafi, ya ce in buga `ifconfig` don ganin adireshin kwamfutata, sai ta amsa min da "command not found". Na gwada wasu umarnan su ma haka. Linux ɗina ne ya lalace?

Amsa: Malama, kwamfutarki lafiyarta ƙalau, littafin ne ya kwana biyu. Wannan ita ce babbar matsalar littattafan kyauta: ba a janye su daga intanet idan sun tsufa, suna nan kamar jiya aka rubuta su. Linus Torvalds ya fitar da Linux tun 1991, kuma wasu jagororin da ke rumbun Linux Documentation Project an bar gyara su fiye da shekara 10. Bayaninsu kan tsarin foldoji da izinin fayil yana nan daram. Inda suke yaudarar mai koyo shi ne wajen tafiyar da na'urar.

Umarnin `ifconfig` yana cikin wani ƙunshin manhajoji mai suna net-tools, wanda Debian ta daina sakawa da kanta tun fitowa ta 9 a 2017. Yanzu `ip addr` ake bugawa. A madadin `netstat` kuma `ss` ne. Misali `ss -tln` zai nuna miki ƙofofin da na'urar ke saurare a kansu. Tsohon littafi zai ce miki katin sadarwarki sunansa eth0, ke kuwa sai ki ga wani suna kamar enp0s3, saboda an sauya hanyar raɗa musu suna. Haka batun kunna hidimomi da kashe su: da rubuce-rubucen da ke /etc/init.d ake yi, amma tun da Debian 8 da Ubuntu 15.04 suka koma sabon tsarin tafiyar da hidimomi mai suna systemd a 2015, sai dai ki ce `systemctl restart ssh`. Saboda haka kafin ki ba littafi lokacinki, buɗe shi ki nemi kalmar systemctl. Idan yana bayanin tafiyar da na'ura amma babu ita ko sau ɗaya, to kafin wannan sauyin aka rubuta shi.

Abu na biyu, ki san gidan da kike. Buga `cat /etc/os-release` ki ga sunan Linux ɗinki da lambarsa. Dangin Debian, wato Ubuntu da Mint, da `apt` suke saka manhaja. Fedora da dangin Red Hat `dnf` suke amfani da shi, tsofaffin littattafansu kuma `yum` za su ce. Idan littafi ya ce `dnf install` ke kuma kina kan Ubuntu, ko sau nawa kika buga ba zai yi ba.

Idan littafi da na'ura suka saɓa, na'urar ce da gaskiya. `man ip` zai buɗe miki jagorar ainihin abin da ke kwamfutarki, ki fita da harafin q.

Tambaya: Ina kwafo umarni kai tsaye daga PDF in liƙa, amma yana ƙi, alhali harafi ɗaya ban sauya ba.

Amsa: Idonka ne ke ganin babu bambanci. Wasu manhajojin tsara littafi suna mayar da karan ɗori biyu, kamar na `--help`, su zama dogon layi guda, suna kuma lanƙwasa alamar buɗe magana da rufe ta. Bash bai ɗauki lanƙwasassun a matsayin komai ba sai haruffa na yau da kullum. Wani lokaci ma dogon umarni yakan karye gida biyu a ƙarshen layi, rabin farko ya tafi shi kaɗai. Sannan alamar `$` ko `#` da ke farkon misali ba a buga ta. Ta farko tana nufin kai mai amfani ne na gama-gari, ta biyu tana nufin sai da ikon shugaban na'ura. Maganin duka: ka riƙa bugawa da hannu.

Tambaya: Kwamfuta ɗaya gare ni, Windows ce a kai, kuma duk aikina yana ciki. Ina tsoron in bi littafi in goge komai. Yaya zan yi?

Amsa: Tsoronka yana kan hanya, domin umarnin gogewa, wato `rm`, ba shi da kwandon shara, abin da ya goge ya tafi ke nan. Kuma tazara guda tana iya jawo asara: `rm -r tsoho/kaya` folda ɗaya zai goge, amma idan yatsa ya zame ka rubuta `rm -r tsoho /kaya`, foldar tsoho gaba ɗayanta ce za ta tafi.

Hanya mafi aminci ita ce ka gina kwamfuta a cikin kwamfutarka da VirtualBox, wadda ita ma kyauta ce. Sauke fayil ɗin ISO, wanda da shi ake saka Linux, daga shafin Ubuntu ko Debian na ainihi, ka gwada lambar SHA256 ɗinsa, wato lambar da ke tabbatar da fayil ya sauka cikakke, da wadda suka wallafa, saboda fayil ɗin da ya yanke a hanya yakan tsaya cak a tsakiyar sakawa. Idan RAM ɗinka GB 8 ne, ba sabuwar na'urar GB 4 da faifai GB 25. Idan GB 4 gare ka, zaɓi mai sauƙin nauyi irin Xubuntu ko Debian mai Xfce, ka ba ta GB 2. Idan ta ƙi tashi tana ambaton VT-x ko AMD-V, shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka kunna wannan zaɓin, domin wasu kwamfutoci a kashe suke zuwa da shi. Lokacin sakawa za a tambaye ka ko a share faifai gaba ɗaya. A cikin VirtualBox faifan da ka ƙirƙira ne kawai ake nufi, Windows ɗinka ba abin da zai taɓa ta. Da ka gama, ɗauki abin da VirtualBox ke kira Snapshot, yadda duk ranar da ka dagula komai za ka koma wannan matsayin cikin ɗan lokaci.

Ga wani tarko da masu Debian ke yawan faɗawa. Idan ka sa wa root, wato asusun shugaban na'ura, kalmar sirri lokacin sakawa, ba za a ba asusunka ikon `sudo` ba, umarnin da ake aron ikon shugaba da shi. Gyaran: buga `su -`, sannan `apt install sudo`, sannan `usermod -aG sudo` tare da sunan asusunka, ka fita ka sake shiga. Kada ka manta da harafin `a` ɗin nan na `-aG`. Idan babu shi, za a cire ka daga sauran rukunonin da kake ciki.

Mai Windows 11 ko sabuwar Windows 10 yana iya buɗe PowerShell da ikon shugaba ya buga `wsl --install`, ya samu Ubuntu a cikin Windows ɗinsa. Ya ishi littafin Shotts. Sai dai a kula: abin da ke /mnt/c fayilolinka ne na gaske, gogewa a can gogewa ce.

Tambaya: Na gama littafin farko. Ina neman abin da zai kai ni ga aiki.

Amsa: Madalla. Koma kan The Debian Administrator's Handbook na Raphaël Hertzog da Roland Mas, wanda asalinsa da Faransanci aka rubuta, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. Ya yi bayanin sarrafa ƙunsoshi, sadarwa, tsaro da hidimomin sabar, kuma a Debian kana iya samunsa da `apt install debian-handbook` ka karanta ba tare da intanet ba. Duba fitowar Debian da bugun ya dogara a kanta kafin ka fara. Idan takardar shaida kake hari, cibiyar Linux Professional Institute tana ba da darussan Linux Essentials da LPIC-1 kyauta a learning.lpi.org, an jera su bisa manhajar jarrabawar, kodayake ita jarrabawar biya ake yi. Linux From Scratch kuwa, wanda Gerard Beekmans ya faro a 1999, zai sa ka harhaɗa tsarin gaba ɗaya daga tushen lambobinsa, ƙunshi bayan ƙunshi. Ka bar shi sai hannunka ya faɗa, kuma ka bi lambobin fitowar da ya ambata daidai, domin sauya guda ɗaya kan sa haɗin ya karye can gaba, a babin da ba za ka yi zargi ba.