Cikar filin gangami ba ƙuri'a ba ce

Ɗan'uwa, abu biyu ka tambaya: da me za ka auna 'yan takarar shugaban ƙasa yanzu da yaƙin neman zaɓe ya kankama, sannan ko cikar filin gangami tana nuna inda jama'a suka karkata. Bari in fara da ta biyun, don a nan aka fi ruɗuwa.

Cikar fili ƙarfin masu shirya taro take nunawa: motocin da suka kwaso mutane, mawaƙa, kuɗin mai. Mutum ɗaya yakan halarci gangamin jam'iyyu uku a mako guda, wani ko katin zaɓe ba shi da shi, wani kallo kawai ya kawo shi. Hayaniyar Facebook ma haka take, mutane ƙalilan ne ke ta maimaita kansu. Mai yanke hukunci shi ne wanda ya fito ranar zaɓe. A Najeriya a 2023 sama da mutum miliyan 93 suka yi rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Ƙuri'ar jin ra'ayi ta fi gangami amfani, in an san yadda ake karanta ta. Duba wa ya biya kuɗinta, yaushe aka yi ta, mutum nawa aka tambaya, kuma ta wace hanya aka zaɓo su. In mutum 1,000 aka zaɓo ba tare da son rai ba, kuskuren lissafi yakan kai kashi 3 sama ko ƙasa, don haka mai 46 da mai 44 kunnen doki suke. In kuwa ta intanet aka yi ta, an bar mutanen karkara da tsofaffi a baya, kuma ko mutum dubu ɗari aka tambaya wannan giɓin ba zai cike ba. Ka lura da yawan waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba tukuna, domin da yawansu sun yanke, bayyanawa ce ba sa son yi.

Sai dokar cin zaɓen kanta. A Amurka wakilan zaɓe na jihohi 270 cikin 538 ake nema, ba yawan ƙuri'un jama'a ba, shi ya sa a 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump da ƙuri'a kusan miliyan 3 amma ta faɗi. A Najeriya, bayan rinjaye sai an samu kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi. Inda ake zagaye na biyu, ƙananan 'yan takara da magoya bayansu kan zama raba gardama. A Ghana a 2008 Akufo-Addo ne kan gaba a zagayen farko, Atta Mills ya ci na biyu da ratar da ba ta kai ƙuri'a 50,000 ba.

Shi kuwa ɗan takara, ni a ganina abin da ya aikata sa'ad da yake da iko ya fi duk abin da zai faɗa a kan dandamali nauyi. In ya taɓa yin gwamna ko minista, bashin nawa ya tarar, nawa ya bari? Albashi da fansho suna fita a kan lokaci? Ƙidaya ayyukan da ya kammala, ka bar waɗanda aka aza wa harsashi aka ɗauki hoto. Rahoton mai binciken kuɗin gwamnati yana nan ga mai son karantawa. Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne halinsa ranar da kotu ta yanke hukuncin da bai masa daɗi ba, ko ɗan jarida ya tona masa asiri. Wanda ya taka umarnin kotu yana gwamna ba zai fara bin sa ba ranar da sojoji da 'yan sanda suka dawo ƙarƙashinsa.

Kowane alkawari ka yi masa tambaya uku: nawa zai ci, daga ina kuɗin, zuwa yaushe? Hanyoyin kuɗin gwamnati sanannu ne, haraji, bashi, sayar da kadara ko rage kashewa a wani wuri. Mai cewa zai rage haraji, ya ƙara albashi, kuma ba zai ci bashi ba, akwai abin da yake ɓoyewa. Kasafin kuɗi kuma sai ya bi ta majalisa, saboda haka ka duba ƙarfin jam'iyyarsa a can.

Kada ka raina mataimaki. 'Yar'aduwa ya rasu a kan mulki a 2010, Atta Mills a 2012, Magufuli na Tanzaniya a 2021, kuma duka ukun mataimakansu ne suka gaje su. Haka masu zuba wa ɗan takara kuɗi, su ne za su zo neman kwangila da muƙami.

Abin da ya fi damuna a halin masu zaɓe shi ne ƙuri'ar fushi. Mutum ya gaji da mai ci, sai ya rungumi duk wanda ya fi zaginsa ba tare da ya bincike shi ba. Ma'aunin da ka sa wa wanda ba ka so, shi za ka sa wa naka, ko addininku da yarenku ɗaya. In aka turo maka guntun bidiyo na daƙiƙa 20, nemi cikakken jawabin da ranar da aka yi shi kafin ka tura wa wani.