Hanya muka fi kuka da ita, me ya sa aka fara da ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata ƙungiyar raya al'umma ta tara mu, ta ce kowa ya faɗi abin da ya fi damunsa. Kusan dukkanmu hanya muka ambata, amma da aiki ya tashi sai suka fara da gyaran rijiyoyin burtsatse. Yaya ake yanke irin wannan shawara? Ko taron na jeka-na-yi-ka ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ba lalle ba ne an yi muku rufa-rufa, domin abin da mahalarta taro suka faɗa ma'auni ɗaya ne cikin ma'aunai da dama. Gaskiya ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma su wa suka samu shiga ɗakin taron? Galibi masu abin hawa da 'yan kasuwa ne, kuma su hanya ce ke ci musu tuwo a ƙwarya. Matar da ke shafe safiya wajen neman ruwa, da yaron da gudawa ta kwantar, ba su zo ba balle su ɗaga hannu.

Wani masani ɗan Ingila, Jonathan Bradshaw, ya rarrabe wannan tun 1972. Ya ce buƙata iri huɗu ce: wadda mutum ke ji a ransa, da wadda ya fito ya nema, da wadda ƙwararru suka auna da mizani, da wadda ake ganowa in an kwatanta wani yanki da makamancinsa. Taronku biyun farko kawai ya taɓo. Ta ukun kuwa lissafi ne. Ƙa'idar Sphere da masu aikin agaji ke bi ta ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana, kuma wurin ɗiba kada ya wuce mita 500 daga gida. In an auna an ga kun gaza haka, ruwa ya shiga gaba ko da ba wanda ya ambace shi.

Sai a zo jera matsaloli. Ma'aikatan kiwon lafiyar jama'a suna da tsarin da ake kira da sunan John Hanlon. Kowace matsala ana ba ta maki daga 0 zuwa 10 a kan abu uku: yawan waɗanda ta shafa, munin illarta, da tasirin maganin da ake da shi. Ana ninka makin illa sau biyu, a haɗa da na yawa, sannan a ninka jimillar da makin tasiri. Mu ƙaddara hanya ta samu 9 da 4 da 3, sakamakonta 51 ke nan. Ruwa ya samu 7 da 8 da 8, nasa 184. Dubi yadda makin ƙarshe ke juya komai: ƙaramar ƙungiya tana iya tayar da famfo goma, amma ba ta da ƙarfin shimfiɗa kwalta. Abin da ya fi mata a nan shi ne ta kai kukanku ga hukumar da hanya ke wuyanta.

Ni dai ba na ɗaukar waɗannan alƙaluma tamkar wahayi. Mutum ne ke ba da makin, kuma mai son zuciya yana iya murɗa shi ya faɗa inda yake so.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba: kuɗin tallafi kan zo da sharaɗi. In mai bayarwa ya ce na ruwa ne, ba dama a karkata shi ga hanya. Laifin ƙungiyoyi da yawa a nan shi ne su tara mutane su ce a faɗi komai, alhali an riga an ɗaure musu hannu. Wasu wuraren sun rage wannan matsala. A birnin Porto Alegre na Burazil, tun 1989 mazauna suka fara zaɓen ayyukan da za a kashe wani kaso na kasafin birni a kansu. A Amurka kuma, dole aƙalla kashi ɗaya bisa uku na kwamitin gudanarwar hukumomin yaƙi da talauci na al'umma ya zama wakilan masu ƙaramin ƙarfi.

Saboda haka ka koma wurinsu ka nemi su nuna maka ma'aunin da suka yi amfani da shi, su faɗi ko kuɗin na da sharaɗi, sannan ka tambayi wa suka miƙa wa batun hanyar, kuma a wace rana.