Zukini a bayan gida: a fara da gindi huɗu

Tambaya: Ina sayar da kayan miya a Zariya, kuma ina da ɗan fili a bayan gida. Na ga wata kabewar Turawa, zukini, tana tsada a manyan kantunan Abuja. In ciri kuɗi daga jarina in cika filin da ita, mu ci mu kuma sayar?

Amsa: Hajiya, ki shuka, amma kada ki cika filin, kuma kada ki taɓa jarin tukuna.

Zukini 'yar'uwar kabewarmu ce, a Italiya aka fitar da irinta. Saurinta ne ke jan hankali: kwana 45 zuwa 60 da shuka kin fara tsinka, kuma idan ta kama, duk bayan kwana biyu sai kin zaga da wuƙa. Ana cire ta tana ɗanya, tsawonta bai fi santimita 20 ba. Ki yi sakaci kwana uku, sai ki tarar ta zama ƙatuwa, babu mai kanti da zai karɓa.

Ga inda lissafin yake. Kabewar gida ki ajiye ta a ƙarƙashin gado ta yi watanni. Zukini kuwa mako guda ta fara yaushi. Kayan gwari ne, kin fi ni sanin halinsa. Waɗanda ke biyan wannan farashin da kika gani masu otal ne da manyan kantuna, kuma yawanci suna da masu kawo musu daga Jos. Maƙwabciyarki da ke zuwa sayen tattasai ba ta san ta ba. Sannan kusan kashi 95 cikin ɗari na jikin zukini ruwa ne. Za ta yi daɗi a miyar taushe ko a soya da ƙwai, amma ba ta rage miki kuɗin masara.

Gindi huɗu ya ishi gida, ki bar tazarar mita ɗaya tsakaninsu domin ganyenta faɗi gare shi. Sauran filin ki ba alayyahu da kuɓewa da yakuwa, abin da kike saya kullum kuma kike da masu saye a hannu. Ki shuka zukinin wajen Nuwamba, ki yi ban-ruwa a gindi, don zafin Afrilu na zubar da fure.

Abu ɗaya da ke karya gwiwar sabon shiga: furenta namiji daban, mace daban. Macen ce ke da ɗan ƙulli a ƙasan furen. Idan ƙudan zuma ba sa zuwa, ƙullin zai yi rawaya ya ruɓe. Da sassafe ki tsinki namijin ki goga a cikin macen.

Rarar da aka samu, ki ɗora a tebur kusa da tumatir, ki riƙa ba abokan ciniki gyara su ɗanɗana. Ki rubuta kuɗin iri da taki da ruwa a littafi daban. Idan wani mai gidan abinci ya yi alƙawarin karɓa duk mako, sai ki ƙara gindi a shuka ta gaba. In kuma an rubuta F1 a jikin ledar irin, wato iri ne da aka samu ta hanyar haɗa nau'i biyu, kada ki ajiye 'ya'yansa, sabo za ki saya.