Turaren lemo a bazara: jabu aka sayar mini?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Humra tana yi mini nauyi a wannan zafin, shi ya sa na sayi turaren feshi mai ƙamshin lemo da ganye. Ƙamshin ya yi mini, amma kafin azahar ya gudu. Jabu aka sayar mini? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, saurin gudu kaɗai ba ya nuna jabu. A cikin duk kayan haɗin turare, man ɓawon lemo yana cikin masu saurin tashi, balle a zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Ki duba jikin kwalbar. In an rubuta Eau de Cologne, man turaren da ke ciki bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ba. Wani ɗan Italiya mai suna Farina ne ya fara haɗa irinsa a birnin Kolon na Jamus a 1709, kuma amfaninsa shi ne ya wartsakar da ke, in ya tafi ki ƙara. Eau de Toilette ya fi shi kauri, kashi 5 zuwa 15.

Ni dai ina son turaren nan, domin gumi ba ya mayar da shi abin hawa kai yadda yake yi wa turare mai nauyi a cikin mota ko ofis. In za ki sake saye, nemi wanda aka ɗora lemonsa a kan abu mai zama, kamar saiwar jema, sandal ko miski. Haka aka gina turaren Eau Sauvage na kamfanin Dior tun 1966, lemo da ɗoɗɗoya a sama, jema a ƙasa, ko da yake na maza ne. Kada ki biya kuɗi daga shinshina murfi. Fesa a hannu, ki zaga kasuwa, ki ji abin da ya rage bayan awa biyu.

Wanda ke hannunki kuwa, fesa shi a mayafi, yadi ya fi fata riƙe ƙamshi. Hakan zai kuma kare wuyanki, don man lemon bargamot da ba a tace ba kan bar tabo in rana ta doki wurin. Kwalbar kuma a ajiye ta cikin durowa, zafi da haske suna lalata man lemo.

Tambaya: Zan iya haɗa shi da turaren wuta? Daga Maraɗi.

Amsa: Ƙwarai. Turara kayan tun da dare, hayaƙi kaɗan, da safe ki fesa lemon a kai.